Wata, Maƙabarta da Ɗakin Duhu: Tun Yaushe Ake Taɓa Hoto?

Kwanakin baya, bayan sallar La'asar, gardama ta kaure a majalisarmu a kan wani hoto. Wani yaro ɗan maƙwabta ne ya hau tudun Mokola ya ɗauko gari da wayarsa: rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, ga Cocoa House can tsaye. Da ya dawo sai ya zauna ya cire launin, ya mai da hoton baƙi da fari, ya ƙara wa hadarin duhu, ya kuma goge wata falwaya da ta gitta masa. Hoto dai ya yi kyau. Amma da ya miƙa wa wani dattijo cikinmu, sai tsohon ya gyara tabarau ya ce, "Yaro, wannan ai ba Badun ba ce, zane ka yi. A zamaninmu abin da kyamara ta gani shi take fitarwa." Yaron ya ce, "Baba, ai ban ƙara komai ba, ragewa na yi." Aka yi dariya aka tashi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da yaron ya yi da ɗan yatsa cikin minti biyu, an fi shekara 160 ana yin sa, kuma waɗanda suka fi kowa yin sa su ne manyan masu ɗaukar hoton duwatsu da sararin ƙasa.

Tun fil azal sama ce matsalar masu hoto. A shekarun 1850 kan farantin gilashi ake ɗaukar hoto, a shafa masa magani, a saka shi a kyamara tun yana jiƙe. Maganin nan yana saurin kama shuɗin haske fiye da kowane launi. Saboda haka kafin ƙasa ta fito sosai, sama ta riga ta ƙone ta zama fari fat, babu gajimare ko ɗaya. Wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray ya samo dabara a 1856 zuwa 1857: ya ɗauki teku a faranti ɗaya, ya ɗauki sama a wani, sannan ya haɗa su a takarda guda, layin da ruwa ya haɗu da sama ya ɓoye ɗinkin. Mutanen Landan da Faris suka yi ta mamaki. Daga baya masu bincike suka lura akwai gajimaren da ya yi amfani da shi a hoto fiye da ɗaya, wato sama ɗaya, teku daban-daban. Bashi ya kore shi daga Faransa, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa yana koyar da zane.

Amma inda hoton ƙasa ya zama abin da ke juya hukuma, a Amurka ne. A 1861 wani mai suna Carleton Watkins ya loda wa alfadarai kaya ya shiga kwarin Yosemiti da ke jihar Kalifoniya. Kyamararsa kamar akwatin lefe take, kowane farantin gilashi inci 18 ne a faɗi, 22 a tsawo, ga tanti da yake kafawa ya zama ɗakin duhu, domin dole a shafa magani a kuma wanke nan take kafin ya bushe. Ya fito da manyan hotuna 30. Hotunan nan sun isa hannun 'yan majalisa a Washinton, mutanen da ba su taɓa taka wajen ba, kuma gani ya kori ji. Ranar 30 ga Yuni 1864, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta keɓe kwarin don amfanin jama'a, ba sayarwa, ba rabawa.

To, ga abin da ba a cika faɗa ba. Kwarin da hotunan suka nuna shiru, kamar ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba, garin mutane ne. 'Yan asalin wajen, Ahwahnechee, sun daɗe a nan. A 1851, shekara goma kacal kafin zuwan Watkins, wata rundunar sa-kai ta Turawa da ake kira Mariposa ta shiga ta ƙone ƙauyukansu da rumbunansu, ta kora su tare da shugabansu Tenaya. Hatta filayen ciyawar nan masu kyau da ake yabo a hoto, su ne suke kula da su, suna sa musu wuta lokaci-lokaci don kada daji ya cinye. Wasunsu sun dawo, sun zauna suna aikatau a kwarin har 1969 da hukumar gandun ta rushe ƙauyensu na ƙarshe. Watkins bai goge kowa daga gilashi ba. Inda ya kafa ƙafar kyamara da inda ya juya fuskarta sun wadatar.

A girgizar ƙasar da ta afka wa San Faransisko a 1906, gobara ta cinye shagon Watkins da farantansa. A wannan girgizar ce kuma wani yaro ɗan shekara huɗu ya faɗi ya karya hanci, hancin da ya zauna a karkace har mutuwarsa. Sunansa Ansel Adams, an haife shi a 1902. Watkins ya rasu a 1916 a asibitin masu taɓin hankali, ba shi da ko sisi. A shekarar nan dai iyayen Adams suka kai shi Yosemiti karo na farko, suka ba shi ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie. Masu lissafi za su lura ita ce shekarar da aka kafa Sabon nan tamu.

Da farko kiɗan fiyano yaron ya sa a gaba, har ya yi nisa. Abin da ya karkato da shi ya faru ne a watan Afrilu 1927. Ya hau wani tsauni da abokansa don ya ɗauki fuskar dutsen da ake kira Half Dome, wani ƙaton dutse mai kama da ƙwarya da aka raba biyu. Kafin ya iso inda yake so, faranti biyu suka rage masa. Na farko ya ɗauka da gilashi mai ruwan ɗorawa a gaban idon kyamara, kamar yadda kowa ke yi. Yana gamawa sai ya ji a ransa cewa abin da zai fito ba shi ne abin da ya tsaya masa a ƙirji ba. Sai ya sa jan gilashi mai duhu a faranti na ƙarshe. Jan gilashi yana tare shuɗin haske, saboda haka sama ta fito baƙi ƙirin da rana tsaka, dutsen ya tsaya a gabanta kamar zai faɗo maka, dusar ƙanƙara tana walƙiya a gefe. Babu wanda ya tsaya a wajen ran nan ya ga baƙar sama. Adams ya ce daga ranar ya koyi ganin hoton a zuci tun kafin ya danna.

Abin dariyar shi ne, a 1932 shi da Edward Weston da Imogen Cunningham da wasu suka kafa ƙungiya mai suna f/64, suna yaƙi da masu dusashe hoto don ya yi kama da zanen fenti. Su a wajensu hoto ya fito tas, daga tsakuwar da ke gabanka har tsaunin da ke nesa. Sunan ma daga nan ya samo asali: lamba ce ta matse ramin idon kyamara ya zama ɗan mitsitsi, wanda ke sa na kusa da na nesa su fito daidai. Sai mutane suka ɗauka ai waɗannan su ne masu gaskiya, ba sa taɓa hoto. Ina! Sun dai daina dusashewa ne, amma aikin haske da duhu sai abin da ya ƙaru.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda aikin yake, don yaran yanzu ba su tarar ba. Wanda ya taɓa zuwa shagon mai hoto a da, aka ce masa ya dawo jibi, ya san akwai wani ɗaki a ciki da ba a bari a leƙa. Fim ɗin da aka wanke, wato nagatif, komai nasa a juye yake: fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Sai a saka shi a wata na'ura mai fitila a sama, haske ya ratsa ta cikinsa ya sauka a kan takarda mai magani. Inda haske ya daɗe yana sauka, wajen ya yi duhu. Inda aka tare shi, ya yi haske. Shi ke nan sirrin. Mai hoto zai ɗauki ɗan kwali a bakin waya yana kaɗawa a kan wajen da yake so ya yi haske, na 'yan daƙiƙoƙi. Sannan ya ɗauki wani kwalin mai huda, ko ya dunƙule hannuwansa ya bar 'yar kafa, ya ƙara wa wani wajen haske don ya yi duhu. Dole hannu ya riƙa motsi, in ba haka ba shaida ta fito. Bayan an wanke an shanya, sai a bi da ɗan buroshi da tawada a toshe ɗigo-ɗigon ƙura. A irin wannan ɗakin ne, nan Ibadan, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara aiki a 1954 a Ma'aikatar Yaɗa Labarai, kafin hotunansa na kitson mata su zagaya duniya. Shi ma da Brownie ya fara.

Adams ya mai da wannan aiki lissafi. Wajen 1940, shi da Fred Archer suka raba tsakanin baƙi ƙirin da fari fat zuwa mataki 11, daga 0 zuwa 10, na 5 shi ne toka-toka na tsakiya. Kafin ka danna, sai ka auna hasken inuwa, ka yanke shawarar matakin da kake so ta zauna, sannan a wajen wanki ka tsawaita ko ka rage lokacin da fim zai yi a magani don wuraren haske su faɗa inda kake so. Da yake makaɗi ne, yakan kwatanta nagatif da kiɗan da aka rubuta a takarda, hoton da aka buga kuma da kiɗan da aka kaɗa a gaban jama'a. Mu da muka san kalangu mun gane nufinsa: take ɗaya ne, amma kowane dare da yadda hannu ke fitar da shi.

Hoton da ya fi nuna haka shi ne na fitowar wata a ƙauyen Hernandez, a jihar Niyu Meksiko. Da yamma ce, a 1941, yana tuƙi zai koma masauki bayan yini guda da bai samu abin kirki ba, tare da ɗansa Michael mai shekara takwas da abokinsa Cedric Wright. Ya waiga hagu sai ya ga ƙauye: coci na ginin ƙasa, 'yan gidaje, maƙabarta da fararen gicciye, tsaunuka masu dusar ƙanƙara a baya, dogon farin gajimare kwance a kansu, ga wata ya fito. Rana na dab da faɗuwa a bayansa, haskenta na ƙarshe yana dukan gicciyen nan. Ya taka birki, ya yi ta ihu a miƙo wannan a miƙo wancan. An kafa kyamara, sai aka nemi ma'aunin haske aka rasa. Nan ilimi ya yi rana: ya tuna adadin hasken wata da ya haddace, 250 a ma'aunin da suke amfani da shi, ya yi lissafi da ka, ya danna. Ya juya gidan fim zai ƙara na biyu, rana ta sauka daga kan gicciyen. Ɗaya tak ya samu.

Nagatif ɗin kuma bai yi daɗin bugawa ba. In aka buga shi yadda yake, sama toka-toka ce, da wasu tsirarun gajimare a can sama, ƙasa kuma ta yi dishi-dishi. A 1948 ya yi kasadar da mai hoto ba ya so ya yi: ya sake tsoma ƙasan nagatif ɗin, wanda ba shi da na biyu, a cikin wani magani don ya ƙara masa ƙarfi. Sama kuwa, shekara bayan shekara yana ƙara mata wuta a ɗakin duhu. Wanda ya jera bugun farko da na shekarun 1970 zai rantse ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba: a na farko yamma ce sakaliya, a na ƙarshe dare ne, fiye da rabin hoton baƙi ne wuluk, gajimaren sama sun ɓace, wata ya rage shi kaɗai, kaburbura suna haske kamar an kunna su. Ya buga fiye da 1,300 da hannunsa. A 2006 an sayar da guda ɗaya dala 609,600 a kasuwar gwanjo ta Sotheby's.

Ni dai a ganina wannan ba ƙarya ba ce. Watan yana nan, kabarin yana nan, kuma bai taɓa ɓoye yadda ya yi ba, har littafi ya rubuta yana bayani. Kai, gaskiyar hoton ma ta kai masana taurari sun yi aiki da ita. Adams ba ya riƙe kwanan wata, ya sha ba da shekaru daban-daban. Sai wani mai nazarin taurari, Dennis di Cicco, ya bi matsayin watan da tsaunukan, ya gano ranar 1 ga Nuwamba 1941 ce, ƙarfe 4:49 na yamma. Ranar tana da muhimmanci, don a lokacin yana yi wa Ma'aikatar Cikin Gida ta Amurka aikin kwangila, abin da ya ɗauka a ranakun da ta biya shi nata ne. Takardunsa sun nuna bai caje ta kuɗin wannan ranar ba.

Inda na fara jin wani iri shi ne hotunan 1944. Akwai na fitowar rana a kan tsaunukan Siyera Nebada daga garin Lone Pine: farin tsauni a sama, baƙin tudu a tsakiya, doki yana kiwo a wani ɗan fili da haske ya sauka. A jikin baƙin tudun nan 'yan makarantar garin sun jera fararen duwatsu sun rubuta manyan haruffa biyu, L da P, alamar garinsu. Adams ya ga abin a matsayin ɓata ƙasa, ya bi da buroshi ya shafe. Ga falwayar yaronmu ke nan. Sai dai falwaya ba ta da dangi. Haruffan nan kuwa wasu ne suka hau da ƙafarsu suka rubuta don a san suna nan.

'Yan mil kaɗan daga wajen akwai Manzanar. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, a watan Fabrairu 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya sa aka kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gidajensu aka zuba a sansanoni. Kashi biyu cikin uku a Amurka aka haife su, takardunsu na 'yan ƙasa ne, wasu ba su taɓa ganin Japan ba. Laifinsu kawai inda kakanninsu suka fito. Ba sai na yi wa mutumin Sabo dogon bayani a kan yadda wannan yake ba: a haife ka a gari, a haifi ubanka a garin, ranar da rikici ya tashi a tuna maka kai baƙo ne. Kimanin mutum 10,000 aka tsare a Manzanar.

Adams ya je a 1943 da 1944 bisa gayyatar shugaban sansanin, Ralph Merritt, kuma da kyakkyawar niyya ya je. Abin ya ɓata masa rai, ya fitar da littafi a 1944 yana cewa waɗannan 'yan ƙasa ne kamar kowa, ya kuwa sha zagi a kai. Amma an gindaya masa sharaɗi: ban da hasumiyar masu gadi, ban da waya mai ƙaya. Sai hotunansa suka fito da mutane masu murmushi, gonaki a share, tsaunuka a baya. Dorothea Lange, wadda ta riga shi zuwa ta ɗauki layin mutane da lamba a rataye a wuyan rigunansu, sojoji sun kulle yawancin nata hotunan har yaƙi ya ƙare, kuma ba ta gamsu da nasa ba. Mafi shahara cikin abin da ya ɗauko a wajen ma babu mutum ko ɗaya a ciki: tsaunin Williamson ne, manyan duwatsu birjik a gaba, haske yana tsagowa ta cikin hadari. Ya hau rufin motarsa ya ɗauka. Wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa akwai mutum dubu goma a tsare kusa da inda motar take ba.

Wayar da aka hana Adams ɗauka, wani daga cikin tsararrun ne ya ɗauke ta. Toyo Miyatake mai shagon hoto ne a Los Anjalas kafin a kwashe su. Ya ɓoye idon kyamara a cikin kayansa, wani kafinta a sansanin ya ƙera masa akwatin katako, ya riƙa ɗauka a ɓoye har daga baya aka ba shi izini. A cikin hotunansa akwai na wasu yara maza uku tsaye a bakin waya mai ƙaya, hasumiyar gadi tana bayansu. Sai a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi gafara, ta amince za ta biya kowane mai rai cikinsu dala 20,000. Adams bai ga wannan ba, ya rasu a 1984, amma tun 1965 ya miƙa hotunansa na Manzanar ga ɗakin karatu na majalisar ƙasar don su zama shaida.

Na koma na sami yaron nan na ce ya nuna mini hoton kafin ya taɓa shi. Falwayar ba ta dame ni ba. Abin da na tambaye shi shi ne me ya sa ya juya wa Sabo baya ya fuskanci Dugbe, alhali unguwar tana nan ƙasan tudun. Ya ce ai Cocoa House ake sani. Na ce ya koma da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi ta kashe inuwa, ya ɗauko mana rufin gidajenmu da hasumiyar masallaci, ya ƙara wa sama duhu yadda ya ga dama, amma ya ajiye na asalin kada ya goge. Dattijon da ya yi masa faɗa kuma ya yi alkawarin zai buɗe tsohuwar adakarsa, ya ce akwai hotunan hawan Sallah da na zangon shanu tun zamanin sulai. Na roƙe shi duk wanda ya tuna shekararsa da sunan wajen, ya sa jikansa ya rubuta a baya da fensir, don biro yana cin takarda.